Gida tara na hali: kai za ka zaɓa ko a zaɓa maka?

Nasiru: Salamu alaikum jama'ar zaure. Yau a huta da siyasa da kuɗin wuta. Akwai wasan da abokaina ke yi a nan jami'ar KNUST da ke Kumasi, Ghana, daren Juma'a, sunansa Dungeons & Dragons. Wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da shi a 1974. Ba dara ba ce, ba kati ba. Zama ake yi a kewaya tebur, mutum ɗaya yana jan labari, sauran kowa ya ƙirƙiri jarumin da zai zama: mayaƙi, ɓarawo, boka, maharbi. In ka ce jaruminka zai haura katanga, sai ka jefa ɗan lido mai fuska 20, abin da ya fito shi ne rabonka.

Kafin a fara, sai ka rubuta halin jaruminka, kuma tambaya biyu ce. Ta fari: kai mai bin doka ne, ɗan tawaye ne, ko kana tsakani? Ta biyu: kai mai kirki ne, mugu ne, ko kana tsakani? Uku sau uku, gida tara ke nan. Akwai mai doka mai kirki, akwai ɗan tawaye mai kirki, akwai mugun mai doka wanda zai cuce ka da takarda da sa hannu, akwai mugun ɗan tawaye mai ɓarna don nishaɗi, a tsakiya kuma ɗan ba-ruwana. To kowa ya faɗi gidansa, shi kansa ba jarumi ba. Ni dai mai kirki ne da ke tsakani wajen doka: in ta yi daidai in bi, in ta kauce in bi alheri.

Sadat Pragya: Ɗan tawaye mai kirki! A rubuta da babban baƙi. Doka ba ta taɓa cika mini tanki ba. An hana mu masu pragya, wato babur mai ƙafa uku, shiga tsakiyar gari, amma in tsohuwa ta tsayar da ni da kaya a ka, wallahi sai na kai ta inda za ta. Mai naƙuda kuwa ko sidi ɗaya ba na karɓa, kuma jar wuta ba ta tsayar da ni.

Mariyama: Ni ma nan nake.

Fuseni Magazin: Mu uku ke nan.

Abiba: Huɗu. Ba na son a ce mini yi kaza, amma zuciyata fes.

Hajiya Ramatu: Ikon Allah. Zaure cike da 'yan tawaye masu kirki, amma kuɗin gyaran kwatar unguwa har yau rabi bai taru ba. Ina mugaye suke? Ko duk sun ƙaura Bantama?

Nasiru: Hajiya, ke fa? Kada ki zille.

Hajiya Ramatu: Ɗana, ni ban san wasanku ba, amma na san abin da ake kirana a kasuwar Kejetia. Ni ce uwar adashin layinmu, kuma suna cewa Ramatu ba ta da tausayi. Bari in ba ku labari ɗaya ku yanke.

Wata daga cikinmu ta zo mini da sassafe, ko shago ban gama buɗewa ba, mayafinta a karkace, mijinta na kwance a asibiti. Ta ce in ba ta ɗaukar wannan makon, alhali nata sai can gaba. Wadda ke da ɗauka kuwa yarinya ce mai sayar da robobi, ba ta da baki a layi, kowa ya san in an ce ta haƙura za ta sunkuyar da kai ta ce to. Na buɗe littafi na nuna mata layin sunaye, na ce ba zan taɓa shi ba. Ta yi kuka, maƙwabta suka taru, wata har tana cewa a gabana kuɗi ya fi rai. Ban tanka ba. Da suka watse na kwance bakin zanina na ba ta abin da nake da shi, rance, ba a rubuta ba. Bai kai kuɗin ɗauka ba, gaskiya, amma ya kai ta kantin magani.

Yarinyar robobi ta karɓi kuɗinta cif ran Asabar. Ashe ita ma kuɗin haya ne ya taso ta gaba, ba ta gaya wa kowa ba. Da na bi tausayin da ya fi ƙara a ranar, da na cuci wadda ba ta iya kuka a bainar jama'a. To wane gida ne wannan?

Fati: Mai doka mai kirki, Hajiya, ba ja.

Sadat Pragya: Ni da ni ne, sai in ba mai mara lafiya, daga baya a san yadda za a yi.

Hajiya Ramatu: "Daga baya a san yadda za a yi" shi ya kashe adashi da yawa a kasuwar nan, Sadat.

Rukayya: Tunda Yaya Sadat ya sa baki, bari in yi tambaya. Yaya, mai pragyar da kake ja, wannan dattijon da ya saya da kuɗin sallamarsa, yaushe rabon ka kai masa kuɗin mako cikakke? Jiya ma Mama ce ta tare shi a ƙofar gida tana ba shi haƙuri. Tsohuwar da ka ɗauka kyauta, da man wa ka ɗauke ta?

Sadat Pragya: Rukayya, maganar gida ce wannan. Zan gamu da ke.

Fuseni Magazin: Hahaha, an yi walƙiya.

Malam Awudu: Assalamu alaikum. Na karanta daga sama. Wasan ban san shi ba, ba zan yi masa hukunci ba, ko da yake in ana sa kuɗi a kan abin da ake jefawa to wannan magana ce daban.

Abin da ya ja hankalina shi ne mutum ya zauna ya ba kansa shaida. A Suratun Najmi, aya ta 32, an hane mu tsarkake kanmu, domin Allah ne Mafi sanin wanda ya yi taƙawa. Ku duba, cikin gida tara uku na mugunta ne, amma ba wanda ya nufi can. Ko Fir'auna aka tambaya, ai cewa ya yi shi ke shiryar da mutanensa hanya madaidaiciya.

Na biyu, Imamu Gazali ya bayyana hali da cewa wani yanayi ne da ya zauna a rai, wanda ayyuka ke fitowa daga gare shi cikin sauƙi ba tare da dogon tunani ba. Ke nan ba abin da ka yi rana ɗaya kana sane ana kallonka ba ne. Wanda ya yi kyauta sau ɗaya yana cije haƙori ba a kiransa karimi.

Nasiru: Malam, ba a sa kuɗi ko kaɗan. Kuma abin mamaki, wasan ma ya yarda da kai. Abin da ka rubuta a takarda da'awa ce kawai. Mai jan labari yana kallon ayyukanka, in ya ga ka ce kai mai kirki ne amma kullum kana kwashe dukiyar ƙauye, yana da ikon ya sauya maka gida. A tsoffin ƙa'idojin akwai wani irin jarumi, mayaƙin addini, wanda dole ya kasance mai doka mai kirki. In ya aikata mugunta da gangan, a take zai rasa duk baiwarsa ya koma mayaƙi na gama-gari. Da wasan ya fito intanet mutane suka ɗauki gidajen tara suka bar mai jan labarin a baya, sai kowa ya zama alƙalin kansa.

Baba Sule: Jikana ne ke rubuta mini, idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙen nan. Ina so in yi magana a kan "mai doka", don na ga yara suna ɗaukarsa da wasa, wasu kuma suna ganin bin doka shi ne kirki.

A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin lokacin ta ba da umarni duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar nan cikin mako biyu. Ina saurayi a lokacin. Wa ke da takarda a Zango? Mutum an haife shi a nan, an haifi ubansa a nan, kakansa ne ya zo fataucin goro ta Salaga. Maƙwabcinmu tela ne, Bayarabe. Na ga ya fito da kekensa na ɗinki bakin hanya, ya ɗora kan tabarma tare da tukwanen matarsa, yana sayarwa a kan kuɗin da ko kan keken bai kai ba. Wanda ya saya kuwa mutumin unguwa ne, muna sahu ɗaya da shi a masallaci. Bai karya doka ko ɗaya ba. An yi ciniki, an ce albarka, an ce sallama, ya biya. Ma'aikatan da ke loda mutane a manyan motoci su ma aikinsu suke yi, da takarda a hannu.

A gidanmu kuwa mahaifiyata ta ɓoye wata mata da 'ya'yanta a ɗakin da ake ajiye gawayi har ƙura ta lafa. A idon hukuma ita ce mai laifi.

Shekara 14 bayan haka, a 1983, Najeriya ta yi irin nata, aka koro 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya. Can ma da doka aka yi.

Saboda haka wanda ya ce mini shi mai bin doka ne, sai in tambaye shi: dokar wa?

Sadat Pragya: Allah ya ƙara lafiya Baba! Kun ji ko? Kaka ma 'yar tawaye mai kirki ce. Gidanmu ɗaya.

Baba Sule: A'a yaro, kada ka jawo ta. Matar da ba ta taɓa barin sallar asuba ta wuce ta ba, ba ta taɓa cin bashi ta kwana da shi ba in tana da halin biya. Ba tawaye ta yi ba. Dokar maƙwabtaka ta bi, wadda ta girmi ta gwamnati.

Nasiru: Baba ya taɓa inda masu wasan da kansu suka daɗe suna rigima. Wasu na cewa mai doka shi ne mai bin dokar ƙasa, wasu na cewa wanda ke da ƙa'idar da ba ya saɓawa, ko da ta kansa ce. In an bi na biyun, Kaka mai doka ce mai kirki, gida ɗaya da Hajiya.

Malam Awudu: Haka ne. Sayyidina Umar bai yanke hannun ɓarawo ba a shekarar fari da yunwa. Ba wanda zai kira shi ɗan tawaye. Sanin manufar doka ne ya sa ya tsaya.

Fuseni Magazin: To a bar mu talakawa, a gwada manya. Tsohon shugaban ƙasa Rawlings fa? Ni a wurina ɗan tawaye mai kirki na ainihi ke nan. 4 ga Yuni 1979 ya zo da juyin mulki, ya share, ya miƙa mulki ga Limann a watan Satumba. Wa ya taɓa yin haka?

Zulai Nima: Yaya Fuseni, ka ƙarasa labarin mana. Ya dawo 31 ga Disamba 1981 ya karɓe abin da ya miƙa. Kuma a 1979 ɗin aka harbe tsoffin shugabannin ƙasa uku, Acheampong da Akuffo da Afrifa. A shekarar aka rushe kasuwar Makola a nan Accra, aka riƙa yi wa mata 'yan kasuwa bulala a fili wai sun ɓoye kaya ko sun wuce farashin gwamnati. Zo Nima ka tambayi tsoffin matan da suka ga abin. Wasu har gobe suna sonsa, wasu ko sunansa ba sa so a ambata. Daga 1993 kuma ya zama zaɓaɓɓen shugaba mai tsarin mulki, ya sauka a 2001 ya ba Kufuor. Wane gida ɗaya ne zai ɗauke wannan duka?

Fuseni Magazin: Ai kalabule, wato ɓoye kaya da tsauwala farashi, ya yi yawa a lokacin, ƙanwata. Sai da zafi.

Zulai Nima: Zafin a bayan wa ya sauka?

Mariyama: Ni Anas zan kawo, ɗan jaridar nan mai bankaɗo cin hanci. Ya rufe fuska, ya ɓoye kyamara, ya ba alƙalai cin hanci don ya kama su a 2015, aka sallami da yawa. A 2018 ya yi wa hukumar ƙwallo irin haka. In wannan ba ɗan tawaye mai kirki ba ne, to babu shi.

Abiba: Amma abin da ya tara kotu da hukuma yake kai wa, kuma shi kansa ya karanta lauya. Mai son doka ta yi aiki ne. Masu sukarsa kuma cewa suke tarko yake ɗanawa.

Nasiru: Jama'a, mun fara komawa siyasa, Alhaji admin zai kore mu.

Fati: Bari in dawo da mu. Ni matsalata da gidajen nan ita ce suna ɗauka mutum guda ne daga safe har dare. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Da ƙarfe tara na safe, na karya da koko da ƙosai, in dangin mara lafiya suka zo bayan lokacin ziyara sai in kau da kai su shiga. Ƙarfe uku na dare, ni kaɗai da gadaje cike, wanda ya zo da irin wannan roƙon zai ji "doka ce" daga bakina, kuma ba don son doka ba, don gajiya. Abin da na lura da shi a wurin aiki kuma, mu duka: dokar tana laushi in mai shadda ya zo, tana tauri in mai silifas ya zo. Wanda yake son ya san gidan ma'aikaci, ya tambayi mai shara da ɗalibar da ke koyon aiki a ƙarƙashinsa, ba shugabansa ba.

Fuseni Magazin: Wannan gaskiya ne. A Suame akwai masta da kwastoma ke rantsuwa da amanarsa, ba ya sauya maka kayan mota da tsoho. Amma yaran shagonsa su wuni ƙarƙashin mota kuɗin waake ma sai sun roƙa.

Rukayya: Yaya Fuseni, yaranka nawa ne a zauren nan? A kira su mu ji.

Fuseni Magazin: Ke dai yau kin tashi da kowa.

Nasiru: Anti Fati, masu wasan ma sun ga wannan gibin, shi ya sa suke ta taɓa tsarin. Farko a 1974 gida uku ne kawai: doka, tsakani, hargitsi. Zuwa 1978 aka tsaya a tara. A bugu na huɗu, 2008, suka rage zuwa biyar, a 2014 suka dawo da tara amma suka rage masa ƙarfi, ya zama kusan kwatance kawai. Wasan kwamfuta na Baldur's Gate 3 da ya fito a 2023, duk da a kan ƙa'idojin nan aka gina shi, ba ya ma tambayarka gidanka. Abokan tafiyarka ne ke nuna sun ji daɗin abin da ka yi ko sun ƙi, wani har ya rabu da kai.

Akwai kuma abin da ya fi damuna. A tsoffin littattafan ana ba jinsi guda sukutum gida ɗaya. Akwai wasu halittu da ake kira ok, an rubuta su mugaye tun daga haihuwa, in ka gamu da su ba tambaya sai sara. A 2020 kamfanin da ke da wasan, Wizards of the Coast, ya sanar zai daina nuna su haka.

Zulai Nima: Wannan ai ba sai an yi mana bayani ba. Je neman ɗakin haya a wata unguwa, hira na daɗi, ka ce daga Nima kake ko Aboabo, ka ga yadda fuskar mai gida za ta sauya. An riga an rubuta mana gida tun ba mu buɗe baki ba: 'yan Zango, 'yan rigima. Shi ya sa nake ɗari-ɗari da maganar "a bar mutane su faɗi halinka". Waɗanne mutanen?

Hajiya Ramatu: Waɗanda suka yi ciniki da kai, 'yata. Wanda ya ba ka bashi, wanda ka ba bashi, wanda kuka yi tafiya. Mai gidan hayan can bai san ki ba, jita-jita ya sani.

Zulai Nima: Su ma suna da son zuciya, Hajiya. Matan layinku da suka ce ba ki da tausayi ai sun yi ciniki da ke.

Hajiya Ramatu: Sun faɗa da baki. Amma duk shekara in za a sake zuba adashi, hannun wa suke kawo kuɗin?

Malam Awudu: Dukanku kuna da hujja. Shaidar mutum a kan kansa ba ta isa ba, ta jama'a ma takan karkace. Ni da za a tambaye ni, zan ce yawancinmu muna wurin da Alƙur'ani ya kira rai mai yawan zargin kansa: ya yi, ya dawo yana tuhumar kansa, gobe ya sake. Ban ga gidansa a cikin taran nan ba.

Abiba: To a sauya wasan. Kada kowa ya zaɓa wa kansa. Wanda ke ƙasa da kai a gida ko a wurin aiki shi zai zaɓa maka. Mu fara da wanda ya kawo maganar.

Rukayya: Yauwa. Yaya Nasiru ɗan ba-ruwana ne tsantsa. Ranar da aka yi rigimar famfo a gidansu, Inna da matar haya suna ta sa-in-sa, yana zaune a kan benci da abin ji a kunne. Da aka ce ya faɗi wanda ya riga ajiye bokiti, cewa ya yi kowa na da gaskiyarsa.

Nasiru: Ai kowa na da ita!

Fati: Ka tabbatar da maganarta.

Sadat Pragya: Ni ban yarda Rukayya ta zaɓa mini ba. A tambayi fasinjojina.

Baba Sule: A tambayi mai pragyar.

Sadat Pragya: Baba, har da kai? To shi ke nan, ran Juma'a zan kai masa, Rukayya ta zama shaida.

Hajiya Ramatu: Madalla. Sadat, tunda kana nan, gobe bayan asuba ina da dila biyu na atamfa da za a kai mini shago. Ka shigo ta bayan Kejetia kafin masu kamu su fito.

Zulai Nima: Hajiya! Ba nan ne aka hana su shiga ba?

Hajiya Ramatu: Da sassafe ne, 'yata, ba wanda zai tare wa hanya. Tasi kuɗinta ya ninka.

Nasiru: Jama'a, a matsayina na mai jan labari, ina neman izinin sake duba gidan Hajiya.

Hajiya Ramatu: Duba abinka. Sadat, ƙarfe biyar da rabi, kuma ka zo da igiya.